Ƙullun da Inna Ta Bar Mini

Ɓul. Sai shiru. Can kuma ɓul, daga ƙarƙashin faifai. Ina kicin ina tsince shinkafa bayan la'asar na ji shi, na ɗaga kai na duba agogo, don Inna ba ta taɓa barin ƙullunta ya kai ga haka ba.

Inna maƙwabciyata ce a unguwar Madain Fahd ta Jidda, tsohuwa da ta zo Hajji ta zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, tana toya wa leburori waina da safe. Ɗakinta zafi kamar tanda, shi ya sa take kawo ƙwaryar ƙullun wajena, inda muke da na'urar sanyi. Ba ta sa yis na kanti. Ludayi ɗaya na tsohon ƙullu take zubawa a sabo, ta ce asalinsa daga hannun mahaifiyarta yake, a jikin ƙwaryar ta taho da shi a bushe. Sabulu bai taɓa taɓa ƙwaryar nan ba.

Ranar ta ce, "'Yar nan, riƙe mini, sukari zan sayo. Kada ki leƙa, idonki na kashe ƙullu."

Na ce, "Inna, idon naki ne ya tsufa."

Ta yi dariya, ta ja mayafi.

Ƙullu ya taso ya ɗaga faifai, ya gangaro gefe. Kafin magariba aka ce motar 'yan sanda ta kwashi mata marasa iƙama a bakin kanti, har da Inna. Maigidana, da yake aikin kwantiragi yake, yana da takardunsa, ya yi tambaya har unguwar Waziriyya. Wasu suka ce an mayar da ita gida, wasu suka ce ta yi ciwo a inda ake tsare su. Ko sunan ƙauyensu ban riƙe ba, Allah Ya yafe mini.

A sakandare malamarmu ta ce mutanen Girka na dā da Turawa, daga kalmar tafasa suka samo sunan wannan tashi na ƙullu, saboda yana ɓararraka alhali ba wuta. Na rubuta don jarrabawa kawai. Sai a Jidda na tsaya a kansa ina kallo, kumfa na fashewa ba mai hura komai, ina tasbihi.

Na ci gaba da ciyar da shi. Duk kwana biyu in jiƙa shinkafa, in niƙa, in zuba ludayin tsohon. Maigida ya ce, "Halas mana, ya isa haka, mun zama waina a gidan nan." Ni dai gani nake muddin yana tashi, Inna za ta ƙwanƙwasa ta karɓi abinta. 'Yata da ta taso tana jin sunanta ta sha tambaya ina Innar take. Nakan ce tana hanya.

Shekara shida. Sai haihuwa ta zo mini da wuya, na yi kwana tara a asibiti. Da na dawo, kafin in ajiye jariri na nufi kicin. Baƙin ruwa ya kwanta a saman ƙullun. Na zuba sabon niƙa, na rufe, na jira wuni guda. Ba motsi.

Ina zaune a ƙasa 'yata ta shigo, ta kara kunne a jikin ƙwarya, ta daɗe. Sannan ta ɗago.

"Umma, ta daina magana. Inna ta isa gida ke nan?"