Ledar da Na Bari a Na'urar Inna

Ni malamar firamare ce a garin Isa, kuma lokacin da abin nan ya faru ni ce 'yar bokon gidanmu. Ko takardar magani aka kawo, ni ake jira in karanta, kuma kaina ya kumbura da haka ba kaɗan ba. Ina da wani hali da duk unguwa ta san ni da shi: ba na cire ledar sabon abu. Kujerun ɗakina sun shekara uku cikin ledarsu, har maƙwabta na tsokanata wai ko sayarwa za ni yi. Sannan ni ce ɗiyar fari wurin Inna, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma taɓa duban idona ta ce na yi kuskure ba. Waɗannan abubuwa biyu su ne sunka kusa raba ni da ita.

Inna ta daɗe da ciwon asma. Da hanyar Turba, ƙauyen da take zaune, ta ƙi daɗi, munka ɗauko ta ta dawo wurina, ita da buhunan geronta, waɗanda ta rantse ba za su kwana ko'ina ba sai ɗakinta. Ƙurar buhunan da hayaƙin maganin sauro sunka haɗu, tarinta ya ƙaru. Likita ya ba ta abin shaƙa, ya ce a nisanta ta da hayaƙi da ƙura. Ana cikin haka na ji labarin na'urar tace iskar ɗaki. Na yi mako biyu ina bincike a waya, har na gane cewa ran na'urar ita ce filtar da ke ciki, wato matatar ƙurar, kuma ba kowace filta ba ce ta ƙwarai. Akwai wadda ake kira HEPA, mai kama ƙurar da ido ba ya gani, akwai kuma 'yan kwaikwayo da ake rubuta musu cewa kamarta ne. Na koyi a duba lambar daraja, irin su H13, a kuma duba ko ƙarfin na'urar ya kai girman ɗakin.

Ranar da na shiga mota zuwa Sakkwato, mai shagon da ke sayar da na'urar ya sha surutu. Ya miƙo min wata mai araha, na ce ya mayar, ni ba 'yar ƙauye ba ce. Na sa ya nuna min rubutun lamba a jikin kwali, na auna da faɗin ɗakin Inna da na rubuto a takarda. Har ya ce bai taɓa ganin mai saye da ta san abin kamar ni ba. Gaskiya ya faɗa, na zaɓi mai kyau. Da na iso gida na buɗe bayanta, sai ga filtar fara tas, mai ninki-ninki, a naɗe cikin leda garai-garai. Abin da ya zo min a rai shi ne, abu mai tsada haka, in na cire ledar ai ƙura za ta lalata shi. Wallahi haka na yi tunani, ni mai koyar da yaran mutane! Takardar bayanin ma ban buɗe ta ba, don a ganina na riga na san komai. Na mayar da filtar yadda take, na jona wa solar gidan, koren haske ya kama, ta fara ƙugi a hankali.

Tunda na karanta cewa na'urar ta fi aiki a rufaffen ɗaki, sai na toshe tagogin Inna da tsummoki, na rataya labule mai kauri a ƙofa. Na ce a ci gaba da kunna maganin sauro, yanzu akwai mai shanye hayaƙin. Kowace safiya in na tambaye ta jiki, sai ta kawar da kai ta ce da sauƙi, Allah ya yi albarka. Da abin shaƙarta ya ƙare ban yi gaggawar sayo wani ba. Duk Juma'a ina buɗe na'urar in ga filtar fara kamar ranar da na sayo ta, in kira maƙwabta su gani, in ce wannan ake kira kaya mai inganci. Wata huɗu cur muna a haka.

Wata rana da hantsi ina cikin aji maƙwabciyata ta faɗo babu ko sallama, ta ce in zo Inna ba ta numfashi. Na iske ta zaune ta dafa buhun gero, leɓɓanta sun yi duhu, ƙirjinta na yin fito. Kwananta uku a asibiti da robar iska a hanci. Wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni yadda ɗakinta yake, ni kuwa ko a nan ban bar alfahari ba, na zayyana mata na'urar da lambarta. Ta ce in kawo ta gani. Da na kawo ta buɗe, ta dubi filtar, ta dube ni, ta tambaye ni ko tun farko haka take. Na ce e, shi ya sa ba ta yi datti ba. Sai ta yage ledar, ta mayar, ta kunna. Iskar da ta fito sai da ta ɗaga mayafina. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na zauna a ƙasa. Ta ce min aikin filta shi ne ta yi datti, duk ƙurar da ba ta kama ba tana ƙirjin Inna.

Abin da ya fi kashe min jiki ya zo washegari. Ina bayan labule na ji Inna na gaya wa ma'aikaciyar cewa ita tun ranar farko ta san babu iskar da ke fita. Ta ce ta tsufa tana sheƙar gero, ta san iska. Ta kara hannunta ba ta ji komai ba, ta kuma san rariyar da anka naɗe a leda ba ta tankaɗe. Matar ta tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce yarinyar ta wahala ta sayo, tana nuna wa mutane, da wane baki za ta kunyata ta.

Mako biyu bayan an cire ledar, filtar nan ta koma launin toka. Na fitar da buhunan, na buɗe tagogi, na sayo gidan sauro da abin shaƙa har biyu. Inna na nan da rai, alhamdu lillahi, amma tun daga ciwon nan a zaune take sallah. 'Yan'uwa, in za ku sayi irin wannan na'ura ku dubi lamba da girman ɗaki, amma ku cire ledar, ku kara hannu ku ji iska, kuma kada ku bar maganin likita saboda ita. Wanda ke da tsohuwa mai kara kuma, kada ya tsaya ga abin da bakinta ya faɗa. Har yau in na gaida Inna da safe cewa take da sauƙi. Ni kuwa ba na tashi, sai in zauna kusa da ita in yi shiru, har sai na ji yadda numfashinta ke fita.