Sulen Kawu a Hannun Ƙanena

Jiya ƙanena ya turo mini hoton tsohon sulen da marigayi Kawu ya bar mashi. "Yaya, wani ɗan kasuwar Maraɗi ya duba hoton, ya ce ko ƙwarzane babu. Za ni sayar."

Ni na san wanga sule. Ni ke zama gefen Kawu a kasuwar Bafarawa, shina murza shi da yatsunsa masu warin taba. Yakan ce, "Rufe ido ka shafa, ɗana." Haka na gano 'yar tsagar da ke bakin sulen, wadda hoto bai nuna ba. Ƙanena bai taɓa shafawa ba, amma shi aka ba.

Allah ya sanyaya makwancin Kawu, ya sanyaya tawa zuciyar, don ba ta huce ba.