Ranar Haihuwar da Baba Tsoho Ya Ba Iya Talatu

Shekara shida ke nan da rasuwar kakana, wanda duk gidanmu na Yalwawa muke kira Baba Tsoho. Ina da shekara goma aka fita da shi, Allah ya jiƙansa. Na ɗauka na gama saninsa tun lokacin, sai wannan zangon karatu ya dagula mini lissafi.

Kafin ya yi ritaya ya dawo Dutse, a wani ofis yake aiki a Kano, wajen babbar kwamfuta irin ta da, wadda ita kaɗai take cika ɗaki. Ya ce akawuna ba sa ma ganinta. Suna zaune a wani ɗakin daban, kowa da kibod da allo mai koren rubutu. Aikinsa shi ne rubuta sashen da ke tambayar mutum, ya tsaya ya jira amsa. Umarnin kalma ɗaya ce ta Turanci, ACCEPT, wato karɓa. Da na'ura ta iso wurin sai ta tsaya cak, wani ɗan layi yana ƙyaftawa, har sai mutum ya buga abin da zai buga.

Ni ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa nake jin daɗin zama kusa da shi. Ina kallon babban yatsansa yana bugun gwiwa in yana tunani. Yakan ce na'ura ba ta da wayo, abin da aka miƙa mata take haɗiyewa, don haka mai rubuta mata umarni mai gadi ne. In an buga harafi a gurbin lamba, a mayar. In an ce wata na goma sha uku, a mayar.

Gurbin ranar haihuwa ne ya fi ba shi wahala. Direbobi da masinjoji da yawa daga ƙauye suka zo, ba su san ranar ba, na'ura kuma ba ta wucewa sai an cike. Sai akawuna suka riƙa buga ɗaya ga Janairu ga kowa. Ya ce ranar da aka fitar da jerin sunaye, sai ka rantse uwa ɗaya ce ta haife su da safe guda. Shi ne ya gyara, ya sa in an buga sifili zalla ta karɓa, ma'ana ba a sani ba. “Ban sani ba ma amsa ce,” in ji shi. “Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko a cikin na'ura.”

Da wannan magana na girma. To, a wannan zangon malaminmu na kwamfuta, Malam Habibu, ya ba mu aikin da za a sa makinsa a sakamakon ƙarshen zango. Kowa ta rubuta ɗan shiri da zai tambayi suna da ranar haihuwa, ya ƙi duk abin da ba cikakkiyar rana ba. Na fara rubuta nawa a takarda, na je in gwada a kan kakata, Iya Talatu, tana tsince wake a tsakar gida.

“Iya, yaushe aka haife ki?”

“Sunan nawa bai gaya miki ba? Ranar Talata, a Buji, gero ya fara fitar da kai.”

“Wace shekara?”

“Ke ƙawata, da kina wurin ai da kin rubuta mana.”

Nan take na ƙara layin sifili, ina jin kamar Baba Tsoho na bayana. Amma da yamma ta aike ni ɗauko mata man zafi a cikin kwalla, na ci karo da katinta na ɗan ƙasa. Ga rana, ga wata, ga shekara, cif. Kuma ba ɗaya ga Janairu ba.

Na kai mata katin. Ta yi dariya har waken ya zube. “Mijin naki ne ya ba ni. Ranar da aka kawo ni gidansa ce ya rubuta. Shekarar kuwa hasashe ya yi, kamar mai sayen akuya.”

“Me ya sa bai sa sifili ba?”

“Ya ce duk duniya a rubuta mata sifili, ban da ni.”

Tun ranar kaina yake ɗaure. Mutumin da ya hana akawuna ƙirƙirar rana, shi ya ƙirƙiro wa matarsa. Babana ya ce ba wani abu ba ne, fom ɗin ne bai bar hanya ba, dole a cike. Iya ta ce so ne. Ni ban san wanne ba. Wataƙila abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wataƙila kuma ya gaji ne kawai da bin layi a wurin yin katin.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Wayar babana tana ƙarasa masa kalma kafin ya gama bugawa, ba ta jira. Fom ɗin rajistar jarrabawa kuwa ja yake yi in ka bar gurbi. Zai ce masu gadi sun ƙware ne, ko zai ce sun daina sauraro?

Ranar gwaji, mu huɗu a kan kwamfuta ɗaya, Malam Habibu ya buga harafi, shirin nawa ya ƙi. Ya buga wata na goma sha uku, ya ƙi. Ya buga sifili, sai allo ya nuna: ba a sani ba.

“Hafsatu, wa ya ce ki yi haka?”

Na kalli igiyar takalminsa, ɗaya ta kwance. Da ƙyar na ce, “Malam, kakata ba ta san tata ba.”

“Ba ta da kati?”

“Tana da shi.”

“To ba rana a jiki?”

Akwai kuwa. Ya ba ni zuwa Litinin in cire layin, in ba haka ba zai rage maki.

Kwana uku ina share layin da fensir ina mayarwa. Malam yana da gaskiya. Baba Tsoho na ofis yana da gaskiya. Baba Tsoho na gida ma, ban iya cewa ya yi laifi ba, don Iya da ba ta riƙe lambar wayarta, in ka tambaye ta ranar katin ba ta tuntuɓe.

Abin da ya rage mana na shi ke nan, in na auna: sifili ga mutanen da bai sani ba, da rana guda ga wadda ya sani. Ta biyun ba ni da ikon ba kowa, ban kai ba. Ta farkon ce kawai a hannuna. Ranar Litinin na miƙa aikin da layin a ciki, Malam ya rage makin kamar yadda ya faɗa. Da babana ya ga sakamakon ya tambaye ni dalili, na ce masa ban sani ba.