Ranar da Ban Latsa Ba a Taswira

Duk abin da zan manta a aikin tuƙin jirgin sama, ban da yinin da na kai wa Inna manhajar nan ta littafin tashi a Gude. Ku ƙananan matuƙa kun zo kun tarar da ita a kwamfutarku ta hannu kamar daga sama ta faɗo, to, ga yadda aka yi aka zaɓe ta.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, kowane matuƙi yana da littafin tashi. A ciki yake rubuta inda ya tashi, inda ya sauka, irin jirgin, da tsawon lokacin da ya yi a sama. Da shi ake sabunta lasisi, da shi mataimaki ke zama kyaftin. Mu da biro muka saba, har akwai waɗanda rubutunsu sai su da Allah. Da kamfani ya ga zamani ya juya, shugaban matuƙanmu, Kyaftin Lawal, ya kira ni ofishinsa ya miƙo mini kwamfuta.

"Kyaftin, manhaja biyu ne a ciki. Ka tafi hutunka da su, ka gwada, ka dawo mana da ɗaya."

Na ce, "Yallaɓai, ni da waya ma ke ba ni wuya?"

Ya ce, "Shi ya sa. In kai ka iya, kowa ya iya."

Ta farko ba ta da wani ado, layi-layi ce kamar littafinmu na takarda. Ta biyu tana yin duk wannan, sannan tana ɗauko bayanan da kamfani ya adana, ta zana hanyar da jirgi ya bi a kan taswira. In ka latsa wata rana, ko ta shekarun baya ce, sai wani siririn zare ya fito ya nuna maka kowace karkata da ka yi a sama.

Ni mutumin Gude ne, a ƙasar Kabo, kuma hanyar Sakkwato zuwa Kano na fi bi. Wanda ya san hanyar ya san daidai sararin Gwarzo jirgi ya riga ya fara gangarowa. Da damina, in gari ya washe, sai ka ga ƙasar ta yi kore shar, titin Kano ya miƙe a tsakiya, ruwan madatsa yana ƙyalli, inuwar gajimare tana tafiya a hankali a kan gonakin dawa. Nakan ji kamar in miƙa hannu in shafa. Sau da yawa mataimakina yana karanto matakan shirin sauka, bakina yana amsawa, zuciyata kuwa tana can ƙasa tana neman rufin gidanmu.

Mahaifina, Malam, mai makarantar allo ne. Ya rasu wata damina da hantsi, ina ta zirga-zirga a sama, wayata a kashe. Kun san ba a ajiye gawa jiran ɗa. Kafin in sauka Kano in ji labari, an kai shi. Wannan abu ya daɗe yana cina.

Daga baya ƙanwata Hadiza ta gaya mini wani abu. Da maza suka ɗauki makara suka fita, mata suka rage a tsakar gida, Inna ta ɗaga kai ta ga jirgi ya fito daga cikin hadari, ya ratsa kan gidan, ya bi bayan masu makara. Ta ce wa matan, "Ga shi can, ya zo rakiya." Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma taɓa nuna mini kewa a fili ba. Da bakinta ba ta taɓa yi mini wannan zance ba. Amma Hadiza ta ce da shi ta yi takaba, da shi take kwana.

Ni kuwa ban sani ba ko ni ne. Na bi hanyar a ranar, gaskiya ne, amma na kauce wa hadari, kuma ban iya tuna ko ta arewa na zaga ko ta kudu. Akwai kuma jirgin wani kamfanin da ke bin sawunmu.

Ranar da na tafi hutun da kwamfutar, na iso gida bayan azahar. An yi ruwa da safe, ƙasa tana ƙamshi. Inna tana zaune a tabarma a gindin dalbejiya tana tsinke zogale. Muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gajiyar hanya, duk idonta a kan faifai. Da na ci tuwo na fito da kwamfutar.

"Mene ne kuma wannan faranti?"

"Inna, aiki aka ba ni. Yana nuna inda jirgi ya bi."

Na latsa tafiyar makon da ya wuce. Zaren ya taso daga Sakkwato yana tahowa a hankali. Na nuna mata Gwarzo, na nuna mata Kabo, na buɗa har ga Gude. Ta ajiye faifan, ta matso, abin da ba ta saba yi ba. Ta bi zaren da yatsa, akwai ɗanyen ganye a farcenta.

"Ashe ta kanmu ake bi," in ji ta, kamar mai magana cikin barci. "Kowace rana yana riƙe da ita?"

"Kowace rana, Inna."

"Har ta da?"

Na gane wadda take nufi. Ni ma shekaru nake son in sani. Na ja ranakun baya har na iso kanta. Ga ta nan, layi guda kamar sauran. Na ɗaga yatsa.

Sai ta kama hannuna. Tun ina yaro ban tuna ranar da Inna ta riƙe mini hannu ba.

"Wannan abin naka, yana tsakar gidan nan ranar?"

"A'a, Inna."

"To ni ina nan. Na gani da idona." Kurciya tana kuka a kan katanga. "In ya ce ba kai ba ne, wa ke nan na ɗaga wa hannu? Bar shi, ɗan nan. Malam ya sami rakiya."

Na kife kwamfutar a kan tabarma. Ta saki hannuna, ta jawo faifanta, ta ce in tafi in gaida kawuna kafin la'asar. Na fita zaure na zauna inda Malam yake zama, na yi kukan da ban samu na yi ba a ranar.

Da na koma aiki, Kyaftin Lawal ya ce, "Wacce?"

Na ce mai taswira. Dalilina na aiki ne: mataimaki zai iya zama bayan sauka ya ga yadda ya zaga hadari, ya gyara gobe. Tana aiki ko babu sabis, tana kuma fitar da bayanai yadda hukumar lasisi ke so. Ya sa hannu, shi ke nan.

An koya mana a sana'ar nan cewa abin da ba a rubuta ba bai faru ba, kuma ni ma haka nake koya muku, kada wanda ya bar gurbi a littafinsa ya ce ni na ce. Sai dai ku riƙa tunawa, a ƙarƙashin kowane zare akwai tsakar gida, akwai wadda ta ɗaga kai, ita ma tana riƙe da nata lissafin. Har yau ban latsa wannan rana ba. A gefenta akwai ɗan gurbin ƙarin bayani, inda mukan rubuta yanayin iska ko matsalar inji. A nan na rubuta: Inna ta ga jirgi.