Gadon Lokacin Yankan Shinkafa

A fadama ɗana na biyu ya koyi shan ƙwaya. A wajenmu Argungu, idan shinkafa ta nuna, wasu samari kan haɗiyi 'yan ƙananan ƙwayoyi da safe don su wuni sunkuye da lauje ba gajiya. Ana gama yanka yawancinsu su bari. Nawa bai bari ba. Ya rame, barci ya ƙaurace masa, har ya kai ga ɗaga wa mahaifinsa murya.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce mini yanzu ba sai an je Sakkwato ba, in gwada asibitin gwamnati a Birnin Kebbi. Da rani muka tafi, ni da shi da ƙanena. Ɗaki ɗaya aka ware wa masu irin wannan lalura, can ƙarshen asibitin. Gadajen ba su da yawa, kuma kowanne da mutum a kai. A baranda iyaye ne zaune bisa tabarmi. Likita ya duba shi, ya ba mu magani, ya ce kwanciya yake bukata a raba shi da abin, amma babu wuri. Muka yi ta zuwa muna komawa har damina ta sauka.

A barandar nan na saba da wata dattijuwa daga Badariya, mai jinyar jikanta. Wata rana ta dube ni ta ce, "Ke baiwar Allah, takalminki kawai kike kashewa. Ki bari sai kaka."

Na ce, "Mi za a yi da kaka, Inna?"

"Duk uban da ke da fadama zuwa yake ya ɗauke ɗansa, wai ya warke. Ɗakin nan ko kaji kika kawo za su samu gado. In anka kai shinkafa rumbu su dawo da su, sun fi da lalacewa."

Na riƙe maganar ban faɗa wa kowa ba, sai da shinkafa ta fara ja. Malam, mahaifinsa, yana wasa lauje a tsakar gida na durƙusa na gaya masa.

"Da kaka? Babban wansa yana Legas, ƙannensa mata. Wa zai yanke mini? Ke?"

"In ka ba ni lauje, Malam."

"Ke da yankan albasar miya ke sa ki kuka?"

Na yi dariya. Ya ci gaba da wasa laujensa. Can ya ce, "Ku tafi. Amma in aiki ya fi ƙarfina, zuwa zan yi in ɗauko shi."

Yadda dattijuwar ta faɗa haka muka tarar. Baranda wayam, aka ba yaron gado kusa da taga. Ƙanena ya zauna jinya, tunda ɗakin maza ne, ni na koma gida ina dafa wa 'yan gayya abinci. Gayyar ba ta yi ƙarfi ba, kowa na fama da tasa gonar. Shinkafarmu ta bushe a tsaye ta fara zuba, tsuntsaye suka samu wuri.

Ran nan da safe Malam ya sa babbar riga ya ce Birnin Kebbi zai je. Na san abin da zai kai shi. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Bayan la'asar sai ga shi ya dawo shi kaɗai. Na kawo masa ruwa, ya sha, sannan ya ce:

"Barci na iske yana yi. Da rana tsaka, baki buɗe kamar jariri. Na zauna na jira, bai farka ba. Yaushe rabon da ki ga yaron nan yana barci?"

Shinkafar da muka kai rumbu a shekarar ba ta kai mu damina ba, da gero muka ƙarasa. Ranar da aka sallami yaron baranda ta sake cika. Muna naɗe tabarma ana shigo da wani saurayi daga Ambursa, hannunsa duk kantar lauje, za a ba shi gadon.

Nawa bai ƙara yankan shinkafa ba. Malam da kansa ya mayar da shi lambun albasa, inda aiki ba na gaggawa ba ne.