Kaset ɗin da Yaya Adamu ya ƙi ba da haya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Adamu, tsohon soja, mai shagon hayar kaset a hanyar Kasuwar Shanu a nan Potiskum. Ni na gaji shagon, sai dai yanzu fim nake tura wa mutane a waya.

A zamaninsa dillalin Kano kan kawo kaset kwali guda, ba zaɓi. A ciki akan samu irin finafinan Turawan nan na kurkukun yaƙi, inda sojoji ke azabtar da matan da suka kama, suna yi musu fyaɗe, mai ɗaukar hoto kuma ya ƙi kau da kai. Su aka fi nema. Yaya kuwa sai ya liƙe ɗan ramin da ke hana sake naɗi a jikin kaset ɗin da salatif, ya naɗi bikin suna ko wasan ƙwallo a kai. Ni haushi ya ishe ni, ina ganin yana korar mana masu haya. Wata rana na faɗa masa haka.

Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, na tsare fursunoni lokacin yaƙin basasa. Kukan nan na ji shi da kunnena. Ba a sa masa kiɗa."

Har yau ina jin kunyar wannan rana.

Da zai ga zamanin nan, da ya sha mamaki, don babu ramin da za a liƙe a jikin waya. Na ci gaba da ƙin tura irin waɗannan finafinai, amma a raina ina tsoron aikin banza nake yi, tunda shaguna shida ne a layinmu.

Watan jiya wani direban tirelar shanu ya zo neman irinsu. Na ce babu. Ya yi tsaki ya shiga shagon Emeka, maƙwabcina, wanda bai taɓa ganin Yaya ba, ban kuma taɓa yi masa wa'azi ba. Na kasa kunne.

Sai na ji Emeka da gurguwar Hausarsa yana cewa, "Oga, layin nan ba mu tura wannan. Tun da can haka muka same shi."

Na juya na fuskanci bango, don kada direban ya ga ƙato da gemu yana share hawaye.