Ƙarar Malam Sanda Ba Ta Mutu Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai mahaifina, Malam Bawa Tafinta, makwancinsa a Talata Mafara. Har yanzu akwai saƙon da ya bar mini ban isar ba.

Da aikin reluwe ya fara, a Ƙaura Namoda. Shi ke juya layi idan jirgi zai shigo tasha, ya ɗaga jar tuta ko koriya, ya lura da haɗa tarago da kan jirgi. Can ya tsinci Turanci. Yakan ce a layin dogo ba a cewa "kusan haka". Tsaya tsaya ce, wuce wuce ce, wanda ya haɗa su kuwa gawa za a kwasa.

Da harkar jirgi ta ja baya sai ya dawo gida, aka ɗauke shi tafinta a wata kotu da lauyoyi ke magana da Turanci. Sammaci, mai ƙara, wanda ake ƙara, ɗage zama, ɗaukaka ƙara, duk ya iya su kamar karatun sallah.

Wata rana wani manomi daga Tsibiri ta ƙasar Maradun, Malam Sanda, ya zo kan gonar gadonsa da wani ya shige. Lauyansa bai zo ba. Alƙali ya faɗi wata kalma, Baba ya juya ya ce, "Malam, an kori ƙararka." Mutumin bai yi gardama ba. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya ɗauki takalmansa a bakin ƙofa ya tafi.

Sai bayan damina wani rajistara ya fahimtar da Baba cewa kalmomin biyu ne. Ɗaya kora ce ta har abada. Ɗayar kuwa, wadda alƙali ya faɗa, cire ƙara ce kawai daga jerin shari'u, mai ita na iya dawo da ita. Washegari Baba ya hau babur sai Tsibiri. Ya tarar da gidan a rufe. Maƙwabta suka ce Sanda ya kwashe iyalinsa ya yi kudu, bai faɗi inda za shi ba. Magana zarar bunu ce.

Daga nan Baba bai ƙara zama daidai ba. Kowace Talata yana cikin kasuwa, wajen masu albasa da shinkafar Bakolori, yana tambayar duk wanda ya fito ta Maradun ko ya ji labarin Sanda. Mahaifiyarmu ta ce ya bar wa Allah, ai ba da gangan ya yi ba. Ya ce, "Hatsarin jirgi kowa na jin ƙara tai, a zo a taimaka. Wanga ko ni da na yi shi ban ji ba."

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Ciyawa ta rufe layin da ya yi wa hidima. Mutanen ƙauyuka irin su Damaga da yawa sun baro gonakinsu saboda 'yan bindiga, ba alƙali, ba sammaci, ba tafintan da zai fassara musu abin da ya same su. Ina jin da tambayarsa ta ƙaru, don yanzu Sanda ba ɗaya ba ne.

A jinyarsa ta ƙarshe ya riƙe hannuna ya ce, "In ka gamu da shi ko ɗiyansa, ka ce ƙara tai ba ta mutu ba."

Bara na kai maganar wurin wani lauya a Bakura. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce lokacin da doka ta bayar ya daɗe da wucewa. Wato saƙon ma ya mutu a hannuna.

Baba bai bar mana gona ba, bai bar suna a allon wata tasha ba. Abin da ya bari shi ne tsoron kalma, da kunyar hakkin wanda ba zai taɓa zuwa nema ba. Shi ya sa in na sami zuri'ar Sanda zan faɗa musu duk da haka. Gona ta tafi, amma ya kamata su san ubansu bai faɗi shari'a ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa Sanda ya yafe.